Muhawara: A cire tashoshin wuta da na ruwa daga intanet, ko a bar su?

Injiniya Kabiru:
Assalamu alaikum. Ina da magana, kuma na san ba za ta yi wa masu sana'ar haɗa na'urori daɗi ba. A ganina duk na'urar da ke buɗe bawul, ko kashe bireka a tashar wuta, ko zuba sinadari a ruwan da jama'a za su sha, bai kamata ta sami wata hanya zuwa intanet ba, ta kusa ko ta nesa. A zare wayar kawai a huta.

Hujjata ita ce abin da ya faru a Yukiren ranar 23 ga Disamba 2015. Ma'aikatan ɗakin kula da rarraba wuta na zaune gaban allo, sai suka ga kibiyar linzami tana yawo da kanta, tana bin bireka ɗaya bayan ɗaya tana kashewa, su kuwa ba su da ikon hana ta. Kamfanonin rarraba wuta uku aka yi wa haka a yini guda, masu amfani da wuta wajen 225,000 suka shiga duhu ana tsakiyar sanyin hunturu. Kuma ta imel aka shiga. An tura wa ma'aikatan ofis takardu masu ɗauke da muguwar manhajar nan BlackEnergy, 'yan kutsen suka yi watanni suna laɓe suna tattara kalmomin sirri, sannan suka tsallaka daga kwamfutocin ofis zuwa na sarrafa tashoshi. Da babu mahaɗa tsakanin biyun, da abin ya tsaya a ofis.

Mansur:
Wa alaikumus salam. Yaya Kabiru, da girmanku, amma Natanz fa? Masana'antar tace yuraniyom ta Iran ba ta kan intanet. An killace ta kamar yadda kuke so a yi. Duk da haka muguwar manhajar nan Stuxnet ta shiga, domin an ƙera ta ne ta riƙa bin filashi daga kwamfuta zuwa kwamfuta har ta iske na'urorin Siemens da ke ba injinan tacewa umarni. Da ta isa sai ta riƙa sauya gudun juyawarsu, ta ɗaga ta sauke, a lokaci guda tana nuna wa masu gadin allo cewa komai lafiya lau. An ƙiyasta injina wajen 1,000 ne suka lalace, kuma sai a 2010 duniya ta san da ita, da wani ƙaramin kamfanin tsaro a Belarus ya gano ta. To ina amfanin zare waya?

Injiniya Kabiru:
Mansur, ai ka ba ni hujja ne ba ka sani ba. Aikin da aka danganta da gwamnatoci biyu, Amurka da Isra'ila, aka kashe masa shekaru da dukiya, shi za ka kwatanta da yaron da ke zaune a ɗakinsa da laftof? Killacewar ce ta sa abin ya yi tsada haka. Ni ban ce ba za a iya shiga ba. Na ce a sa shigar ta yi wuyar da sai gwamnati za ta iya.

Hajiya Rabi:
Injiniya, ni ma'aikaciyar ruwa ce, bari in faɗa maka yadda abin yake a ƙasa. Tashar tace ruwa tana nan, tankunan sama suna can nesa a unguwanni daban-daban, famfunan ƙara ƙarfi suna wani wurin. In ba ka ganin tsayin ruwa a tanki daga inda kake, abu biyu ne: ko ya cika ya yi ta zuba a titi har gari ya waye, ko ya ƙafe famfo ya ci gaba da juyawa a bushe ya ƙone. Na ga famfon da ya ƙone haka, hayaƙi na fita daga koyil, ɗakin duk ƙaurin roba, mai gadi yana barci a waje bai sani ba. Unguwa guda ta koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa har aka gyara. Wannan asarar kullum tana iya faruwa. Ɗan kutsen da kake tsoro kuwa wataƙila ya zo, wataƙila kada ya zo. Ka ce in zaɓi wanne?

Auwal Mai Haɗa Inji:
Allah ya saka miki Hajiya. Mu da muke sa wa masana'antu waɗannan na'urori mun san abin da mai kuɗi yake so. Yana so yana Abuja ko Dubai ya buɗe waya ya ga janareta nawa ke aiki, dizal nawa ya rage. In ka ce masa a'a, gobe wani zai yi masa. Kuma in inji ya tsaya da ƙarfe biyun dare, shiga daga nesa in duba ya fi in kama hanya cikin duhu, kun san halin da hanyoyinmu suke.

Mansur:
Malam Auwal, tambaya ɗaya don Allah. Modem ɗin da ake maƙalawa cikin akwatin inji da layin waya a ciki, wa ke canza kalmar sirrin da ya zo da ita daga kamfani?

Auwal Mai Haɗa Inji:
Ni ina canzawa. Amma na sha buɗe akwatin da wani ya haɗa in tarar ba a taɓa ba. Wani wurin ma an rubuta ta da maka a jikin ƙofar akwatin.

Mansur:
To ga shi nan. A Nuwamba 2023 an shiga na'urar hukumar ruwa ta wani ƙaramin gari, Aliquippa, a jihar Pennsylvania. Na'urar kamfanin Unitronics ce, ƙirar Isra'ila, tana kula da ƙarfin ruwa a wata tashar famfo. Wata ƙungiya mai suna CyberAv3ngers, wadda Amurka ta ce tana da alaƙa da dakarun juyin juya halin Iran, ta bar saƙo a kan allon cewa duk kayan Isra'ila abin hari ne. Irin waɗannan na'urori suna zuwa da kalmar sirri 1111, kuma hukumomin Amurka sai da suka fito suna roƙon mutane su canza ta. Ba wata ƙwarewa aka nuna ba. Akwai shafi mai suna Shodan, tun 2009 yake, aikinsa jera duk na'urar da ke amsa kira a intanet: kyamara, famfo, na'urar sanyaya ɗaki, komai. Mutum ya rubuta sunan na'ura, jerin ya fito masa.

Abin da ya fi damuna shi ne yaren da injinan suke magana da shi. Modbus, wanda har yau ya cika masana'antu, an ƙirƙiro shi a 1979. Ba ya tambayar wane ne kai. Duk wanda ya iso gare shi ya ce buɗe, zai buɗe. An yi shi ne don waya ɗaya a cikin ɗaki ɗaya mai kulle, mu muka ɗauko shi muka ajiye a bakin titi.

Sagir:
Ku ƙara da Oldsmar a Florida, Fabrairu 2021. Ɗan kutse ya ɗaga sodar da ake zubawa a ruwa daga 100 zuwa 11,100, saura kaɗan ya kashe gari guda.

Mansur:
Wannan a yi hattara da shi Sagir. Haka aka ba da labarin da farko, amma daga baya tsohon manajan garin ya ce mai yiwuwa kuskuren ma'aikaci ne, kuma FBI ba ta tabbatar da kutse ba. Ma'aikacin da ke kan aiki ya mayar da adadin nan take, ba wanda ya sha ruwan. Akwai misalai tabbatattu, ba sai mun jingina da mai shakku ba.

Sagir:
To na ji. Amma tsakani da Allah mu wa zai ɓata lokacinsa ya yi mana kutse? Wutar ma ina take? A Oktoban 2024 Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu, ba kwamfuta aka taɓa ba, layin Shiroro zuwa Kaduna aka lalata a daji.

Baba Ilu:
Yaro, dariya kake amma maganarka tana da gaskiya rabi. Ni tun zamanin NEPA nake aikin tasha har na yi ritaya. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma akwai abin da Kabiru ya tsallake a labarin Yukiren. Wutar ta dawo cikin sa'o'i kaɗan, wasu wuraren awa ɗaya, wasu har shida. Ba kwamfuta ce ta dawo da ita ba, ai maharan sun goge kwamfutocin, sun lalata manhajar wasu na'urorin da ke tashoshin, har layin wayar da jama'a ke kira su kai ƙara sun cika shi da kiran banza. Ma'aikata ne suka shiga mota suka bi tashoshin, suka mayar da bireka da hannu. Tsoffin kayansu ne suka cece su, da mutanen da ba su manta yadda ake yi ba.

A lokacinmu kowane ma'aikacin tasha ya san jerin: wanne za ka buɗe farko, wanne za ka kulle ka rataya masa alama, wa za ka kira a rediyo kafin ka taɓa komai. Muna rubutawa a littafin aiki da biro, da lokaci da sa hannu. Yanzu ana ta maganar kammala SCADA, wato tsarin sa ido da sarrafa tashoshi daga nesa, don cibiyar kula da wuta ta ƙasa da ke Osogbo ta riƙa ganin babban layin ƙasa gaba ɗaya, kuma ni ina goyon baya, don na san wahalar tafiyar da layi da kiran waya. Tsorona kada a sa allo a sallami masu hannu.

Hajiya Rabi:
Baba kun gama magana. A Aliquippa ma abin da aka yi ke nan, aka kashe na'urar aka koma tafiyar da famfo da hannu, ruwa bai yanke ba.

Injiniya Kabiru:
Baba, na karɓi gyara. Amma wannan bai rushe maganata ba. Hannu magani ne bayan an riga an shiga. Ni rigakafi nake nema.

Mansur:
Yaya, rigakafin naku ba zai hana irin na Colonial Pipeline ba. Mayu 2021 ne. Bututun mai daga Texas zuwa New Jersey, yana ɗauke da kusan kashi 45 cikin ɗari na man da gabashin Amurka ke sha. Ƙungiyar 'yan kutse ta DarkSide ta shiga da kalmar sirri guda ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi ba a rufe ba, kuma ba shi da matakin tantancewa na biyu. Kwamfutocin ofis suka yi garkuwa da su, ba su taɓa masu sarrafa bututun ba. Kamfanin da kansa ya rufe bututun don gudun kada abin ya tsallaka. Ya biya fansar dala miliyan 4.4, mai bai sake gudana ba sai bayan kwana biyar, gidajen mai suka cika da layi. Wato ko injin yana killace, in ofishin da ya dogara da shi ya faɗi, aiki ya tsaya.

Sagir:
Layin mai a Amurka. Allah mai iko.

Injiniya Kabiru:
To bari in rage kaifin maganar, amma ba zan janye ta ba. Gani daban, taɓawa daban. Hajiya tana so ta ga tsayin ruwa daga ofis, Alhajin Auwal yana so ya ga dizal daga Dubai. Su gani. Akwai na'urar da ke barin bayani ya fita amma ba abin da zai iya shigowa ta cikinta, domin a ƙirarta ma hanya ɗaya ce, haske ke tafiya gefe guda. Tashoshin nukiliya suna amfani da irinta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne umarni ya taso daga waje ya motsa ƙarfe. A Afrilun 2025 an buɗe bawul ɗin wata madatsar ruwa a Bremanger ta ƙasar Norway daga nesa, ruwa ya yi awa huɗu yana zuba kafin a rufe. Allah ya sa ƙaramar madatsa ce. Ku ɗauka babba ce mai gari a ƙasanta.

Sannan na'urar kariya, wadda ke kashe masana'anta in zafi ko matsi ya wuce ƙima, ita kam ko gani ban yarda a yi ta waje ba. A 2017 an kai wa irinta hari a wata masana'antar sinadarai a Saudiyya, na'urar Triconex, da manhajar da aka sa wa suna Triton. Niyyar ita ce a mallaki abin da ke hana fashewa. Kuskure a manhajar maharan ne ya sa masana'antar ta kashe kanta aka farga. Kuma na'urar tana da makulli na ƙarfe a jikinta, an bar shi a matsayin da ke ba da damar sauya manhaja. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Auwal Mai Haɗa Inji:
Na kariya na yarda ɗari bisa ɗari. Sauran kuwa Injiniya, kana magana kamar kowa yana da kuɗin tashar nukiliya. Mai injin casar shinkafa ko mai kamfanin ruwan leda ba zai sayi wannan na'urar ba. Abin da zai iya shi ne: modem ya zauna a kashe, in ana bukatata ma'aikaci ya kunna da hannunsa, in shiga da kalmar sirri da lambar da za ta zo wayata, in gama ya kashe ya rubuta a littafi.

Hajiya Rabi:
Wannan zan iya kai wa shugabanninmu su saurara. In na ce musu a zare komai, dariya za su yi mini.

Injiniya Kabiru:
Ga injin shinkafa na amince. Ga madatsar ruwa da babban layin wuta ban amince ba, ko na minti goma ne. Wanda zai gyara ya taka ya je.

Auwal Mai Haɗa Inji:
Da ƙarfe biyun dare? Wa zai biya kuɗin mota da rakiya?

Injiniya Kabiru:
Mai madatsar. A rubuta shi cikin kwangila tun farko, ko a ajiye injiniya mai kwana a wurin kamar yadda ake yi a zamanin su Baba.

Baba Ilu:
Muna kwana kam. Amma a lokacin akwai gidajen ma'aikata a jikin tasha, da ruwa da wuta. In za ku kai wannan shawara sama, ku haɗa da gidajen.