Distiributa sabuwa, mota ta ƙi tashi: laifin wa?

Mai Golf: Salamu alaikum. Jama'a raina a ɓace yake. An sauke injin Golf 2 tawa anka canza ringi, anka haɗa, na sayo distiributa (mai raba wuta zuwa fulogi) sabuwa dal na ba bakanike ya ɗaura. Ana murza ki sai tari da harbi ta kafireta, har wuta ta lashe wa yaronshi gashin hannu. Batir ya mutu wurin tada ta. Yanzu wai kayan da na sayo ne ba su da kyau. Ni kuwa na ce aikin ne bai iya ba. Da motar nan nake jigilar Sakkwato zuwa Illela, da ita nake ciyar da gida.

Ɗan Mabera: Sabuwa? Haba Malam. Golf 2 da anka daina ƙerawa tun 1992, ina ka samo mata sabuwar distiributa? 'Yar Kwatano ce anka wanke da fetur anka sa a kwali.

Mai Kayan Gyara: Ɗan Mabera ka ji tsoron Allah. Don an daina ƙera mota ba a daina ƙera kayanta ba. Sabbi na shigowa, da ledarsu da komi.

Ɗan Mabera: Na Caina kake nufi. Wannan ai gara tsohuwar Jamus da ta sha aiki.

Direban Argungu: Ni dai abin da ba a taɓa ɗaura wa wata mota ba shi ne sabo, ko daga ina ya fito.

Mai Golf: A kwali take, da leda. Amma ba wannan na tambaya ba.

Ɗan Mabera: Kwali ai bugawa ake yi.

Baba Bakanike: Yarana, ku saurara. Harbi ta kafireta bayan haɗa inji, abu na farko da nake dubawa shi ne inda anka dasa distiributa. Fistin na ɗaya sau biyu yake hawa sama kafin rota, abin da ke juyawa cikin distiributa, ta zagayo sau ɗaya. Hawa guda na matse iska da mai ne, ɗayan na fitar da hayaƙi, kuma a duka biyun makin filawil, wato alamar da ke nuna fistin ya kai sama, yana zuwa daidai. Wanda ya dubi maki kaɗai zai iya dasa ta a hawan hayaƙi, wuta ta zo lokacin da bawul ɗin shigar mai ke buɗewa. A cire fulogi na ɗaya, na gefen bel ɗin taimin, a toshe ramin da babban yatsa, a juya inji da sifana a hankali. In iska ta ture yatsan, a ci gaba har maki ya bayyana a tagar giyabos. A nan bakin rota zai kalli ɗan tsagin da ke bakin jikin distiributa. Haƙoran gindinta a karkace suke, tana juyawa kaɗan wurin zama, don haka a ja rota baya kaɗan kafin a zura. In ta ƙi zama, ba ta hau harshen famfon baƙin mai ba ne, kada a danne ta da noti. Wayoyin fulogi kuma 1-3-4-2.

Mai Kayan Gyara: Allah shi ƙara girma Baba. Kun ji ko? Kayanmu ba su da laifi.

Baba Bakanike: Ban ce haka ba Alhaji, ban ga distiributar ba.

Injiniya Ƙarami: Baba da girmanka, yatsa ya wuce zamani. Ba fitilar taimin, mai auna lokacin zuwan wuta, aikin lalube ne kawai.

Direban Argungu: Kai yaro, wace fitila? Kunnen Baba ya fi ta.

Injiniya Ƙarami: Yaya, kunne ba ya auna digiri.

Baba Bakanike: Fitila sai inji na juyawa da wuta take aiki, ɗana, kuma gyaran ƙarshe ake yi da ita. A fara dasa ta daidai tukuna.

Direban Argungu: Duk wahalar Golf ce. Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna a da, ko a dajin Gundumi ta tsaya za ka tada ta da sukundireba.

Ɗan Mabera: To ina 504 ɗin taka yau? Je ka tasha ka ƙirga Golf.

Direban Argungu: Ni kake yi wa gori? Motar da na sayar na aurar da ɗiyata?

Ɗan Mabera: Allah shi ba ka haƙuri, amma maganar sabuwa ban janye ba.

Mai Golf: Jama'a in mayar da ita shago ko in canza bakanike?

Mai Kayan Gyara: Bari in taƙaita tunda an yi nisa. An tabbatar sabbin distiributoci na nan a kasuwa, mai musu bai kawo hujja ko guda ba. Baba ya nuna matsalar daga wurin ɗauri take, wato hannun bakanike, kuma haka yawancin kayan da ake dawo mana da su suke, lafiyarsu lau. Mai Golf, kai motarka wurin wanda ya iya. Kayan da ya riga ya sha baƙin mai kuma ba shagon da zai karɓa.