PHP ya ƙi amincewa da sunan aikin da ke cikin WSDL, ku taimaka mini

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana 3 ke nan ina fama da abu ɗaya, kuma ya hana ni barci.

Ina haɗa wa wata makaranta a nan Gombe manhajar karɓar kuɗin makaranta, ina amfani da SoapClient na PHP, wanda ke kiran ayyukan wata saba ta hanyar karanta WSDL, wato fayil ɗin da ke bayyana ayyukan sabar. Masu sabar sun ƙara sabon aiki na duba ko kuɗi ya shiga. Da na kira shi, sai saƙo ya fito: "is not a valid method for this service". Na kunna trace, __getLastRequest, mai nuna buƙatar ƙarshe da aka aika, bai nuna komai ba. Ashe buƙatar ko fita daga kwamfutata ba ta yi, tun a gida aka tare ta.

Na zaci tsohon WSDL ne ya maƙale, tunda PHP na ajiye shi daƙiƙa 86400, wato yini guda. Na goge fayilolin wsdl- da ke /tmp, na sa WSDL_CACHE_NONE. Shiru. __getFunctions tsofaffin sunaye kaɗai yake jerowa.

Jiya da dare na bi fayil ɗin WSDL layi-layi. Sunan yana nan a portType, sashen da ke jero ayyuka, amma ban gan shi a binding ba, sashen da ke faɗin yadda za a kira su. To daga ina PHP ke ɗaukar sunayen da yake tantancewa da su, daga binding ne? In haka ne, gyaran nasu ne ko nawa?

Na san zan iya ba shi null a madadin WSDL, in sa location da uri da hannu, amma raina bai kwanta ba, harkar kuɗin iyayen yara ce. Ranar Litinin ake komawa makaranta. Don Allah wanda ya taɓa cin karo da wannan ya haska mini.