Shin Old 97's sun sayar da kansu a 1999?

Auwal: Jama'a, jiya na sake sauraron Fight Songs, faifan da ƙungiyar mawaƙan Amurka Old 97's ta fitar a 1999, kuma ina nan kan bakana. A wannan faifan Old 97's suka ci amanar masoyansu. Mutanen da suka fito daga Dallas da kiɗan kantiri mai zafi, suka yi Wreck Your Life a 1995 a ƙaramin kamfanin Bloodshot na Shikago, babban kamfani na ba su kuɗi sai suka wanke kiɗan tas don rediyo ya karɓa. Masu sharhin waƙa da suka juya musu baya suka koma wa ƙungiyar Wilco ba su yi laifi ba.

Binta: Yaya Auwal, lissafinka bai fita ba. Too Far to Care na 1997, wanda kullum kake cewa babu kamarsa, ai a Elektra ya fito, babban kamfanin da ya fitar da Fight Songs. Wato faifan da ka fi so ma da kuɗin babban kamfanin aka yi shi. In kuɗi ne ke lalata su, me ya sa bai lalata waƙar "Timebomb" da ke cikin faifan ba?

Auwal: Faifansu na farko ne a Elektra, lokacin kamfanin bai fara sa musu baki ba.

Binta: Wannan kuma zato ne kake yi.

Malam Habu: Ku dakata. Auwal, ka haɗa mutane biyu a buhu ɗaya. Akwai masu sharhi na manyan jaridu, akwai kuma masoyan da suka taru a gindin mujallar No Depression, wadda aka fara a 1995 aka sa mata sunan faifan ƙungiyar Uncle Tupelo na 1990. Gunagunin daga ɓangare na biyu ya fi fitowa, su ne suke ganin duk wanda ya rage ƙamshin ƙauye ya fita daga gida. Robert Christgau, mai sharhin waƙa a jaridar Village Voice a wancan lokacin, mutumin da yabonsa ke da tsada, ya yaba wa Fight Songs, ya kuma yaba wa Satellite Rides na 2001. Don haka cewa masu sharhi sun watsar da su ba gaskiya ba ne.

Abin da ni nake gani shi ne an yabe su amma ba a ɗauke su da nauyi ba. A shekarar 1999 ɗin nan Wilco suka fitar da Summerteeth, su ma sun ajiye kantirin gefe sun rungumi salon pop. Su aka ce sun girma. Da kamfanin Reprise ya ƙi faifan Wilco mai suna Yankee Hotel Foxtrot, kamfanin Nonesuch ya fitar da shi a 2002, sai labarin ya zama na jarumai da suka yi wa kamfani tsaye. Old 97's kuwa Elektra ta sallame su bayan Satellite Rides, babu wanda ya mayar da abin tatsuniya. Mai sharhi yana son waƙar da za ta ba shi abin rubutu mai tsawo. Waƙa ta minti uku mai amshin da ke kama baki tun jin farko, ga barkwanci a ciki, me zai ce a kanta ban da tana da daɗi?

Baba Lawal: Ni dai yaran nan kuna ba ni mamaki. Na saurari abin da Binta ta turo, ban ji kantiri ko ɗaya ba, sai gudu kamar an biyo su. Mu da muka tashi da Don Williams da Jim Reeves a rediyo mun san kantiri a natse yake.

Binta: Baba, Allah ya ƙara girma, amma sunansu ma daga tsohuwar waƙar kantiri ya fito, wadda aka yi kan hatsarin jirgin ƙasa a Virginia a 1903. Kuma shahararren mawaƙin kantirin nan Waylon Jennings da kansa ya shiga situdiyo da su.

Baba Lawal: Waylon? To, na ja bakina.

Auwal: Malam, na yarda na yi kuskure kan Christgau. Amma ku faɗa mini, ƙungiyar da ta saba waƙar mashaya da karyewar zuciya ta koma yi wa mage waƙa? "Murder (or a Heart Attack)" fa kan magen da ta ɓace aka yi ta.

Sadiya: Kai ma sai da aka gaya maka ka san mage ce. Kafin nan ka ɗauka budurwa ce ta tafi, ka sha rera ta a mota ina ji.

Auwal: Anti Sadiya, ba a tona asiri a cikin taro.

Sadiya: Ni a nan Texas na gan su a dandali, kuma a can ne gardamar nan take mutuwa. Waƙoƙin 1995 da na 1999 a jere suke kaɗa su, da jita ɗaya da ganga ɗaya, ba ka jin inda aka yi ɗinki. Santsin da kake ƙi na situdiyo ne. Sannan ko a cikin Fight Songs ɗin, saurari waƙoƙin da Murry Hammond, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, ya rera, "Crash on the Barrelhead" da "Valentine", ka ce mini ba kantiri ba ne.

Malam Habu: Kuma mutum huɗun da ke ƙungiyar, Rhett Miller, Hammond, Ken Bethea da Philip Peeples, su ne dai tun farkon shekarun 1990 ba a sauya ko ɗaya ba. Bayan Elektra suka koma ƙananan kamfanoni, Drag It Up a New West a 2004, Most Messed Up a ATO a 2014. In da neman kasuwa ne ya kai su ga pop, da tuni sun watse da kasuwar ta ƙi.

Auwal: Drag It Up ɗin da kuka ambata ai komawa suka yi ga kiɗa mai kaushi. Kenan su ma sun san sun yi nisa.

Binta: Ko kuma kuɗin situdiyon ne ya ragu.

Baba Lawal: Sadiya, turo mini ta Hammond ɗin nan, mai natsuwar. In ji ko za ta shiga kunnena.