Tunda an samu maganin sikila, AS da AS su yi aurensu kawai?

Baban Amira: Salamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ke cina tun jiya, yau sai na faɗe ta ko da za a yi min ca. Tun ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin sikila, Casgevy sunansa, gyara ƙwayar gado ake yi mutum ya rabu da ciwon gaba ɗaya. To in haka ne me ya sa har yau ake raba masoya saboda AS da AS? Ƙanina an kai kuɗi har an sa rana, gwaji ya fito duk su biyun AS ne, iyaye suka ce a fasa, wallahi yaron nan har yau bai dawo daidai ba. Ni a ganina cutar da aka samo maganinta ta daina zama hujjar hana aure.

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam. Baban Amira dan Allah ka taɓa kwana a asibiti da yaro yana riƙe da hannunka yana cewa Mama ki cire min ƙafar nan? Ni ina da shi a ɗaki, yanzu haka ruwan zafi nake gasa masa gwiwa da shi saboda sanyin nan da ya shigo. Wane magani kake magana a kai, a wane kemis ake sayar da shi in je yanzu?

Baban Amira: Allah ya ba shi lafiya Hajiya, ban faɗa don in ɓata miki rai ba. Amma maganin gaskiya ne, ba jita-jita ba ce.

Dakta: Amin. Maganin gaskiya ne Baban Amira, babu ja a nan, ni ma ranar da aka sanar na yi murna sosai. Sai dai abin da yake yi daban ne da abin da kake zato, bai taɓa inda matsalar take ba ko kaɗan. Bari in faro daga tushe ku yi haƙuri da tsawo. Himogilobin furotin ne da ke cike da jajayen ƙwayoyin jini, shi ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai wa sauran jiki. Sarƙa huɗu ce ta haɗu ta yi shi, alfa biyu beta biyu, kuma kowace sarƙar beta amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, 146 ne a jere. A mai sikila 145 daidai suke da na kowa, na shida ne kawai ya canza, inda ya kamata a samu gulutamik asid sai aka samu balin, saboda harafi ɗaya tak a DNA, wato rubutun gadon da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, a kan kuromosom na 11, GAG ya koma GTG. Vernon Ingram ne ya gano wannan bambanci a Cambridge wajen 1956. To gulutamik asid yana son ruwa, yana zaune lafiya a bayan furotin, shi kuwa balin gudun ruwa yake yi, neman inda zai ɓuya yake. Da zarar himogilobin ya sauke oksijin ɗinsa sai siffarsa ta ɗan juya wani ɗan rami ya buɗe a jikinsa, balin na maƙwabcinsa ya faɗa ciki ya maƙale, wannan ya kama wancan wancan ya kama na gaba har su yi dogayen zaruruwa masu tauri a cikin ƙwayar jinin, su lanƙwasa ta ta koma lauje. Ita ce ke toshe ƙananan jijiyoyi, ciwon da Sadiq ke ji kenan. Kuma maimakon ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kullum jini ba ya isa, ido ya yi ɗorawa.

Baban Amira: To ai shi ne Dakta, CRISPR ɗin, almakashin yanka DNA da maganin ke amfani da shi, ya je ya mayar da harafin yadda yake, magana ta ƙare.

Dakta: A'a, bai mayar ba, harafin yana nan inda yake. Maman Sadiq in tambaye ki, yaushe ciwon ya fara nuna kansa?

Maman Sadiq: Da aka haife shi ƙato lafiya lau, har suna kowa na yaba jikinsa. Sai da ya fara zama muka ga bayan hannunsa da ƙafa sun kumbura, taɓawa kaɗan ya tsala ihu, kakarsa har cewa ta yi ko kambun baka ne.

Dakta: Yauwa, amsar tana nan. Tun yana ciki SS ne shi, me ya hana ciwon tashi a watannin farko? Saboda ɗan tayi da jariri sabon haihuwa wani himogilobin suke amfani da shi daban, HbF, a madadin sarƙar beta gamma ce a jikinsa, ba ta da balin ɗin nan kuma in ta shiga tsakani zaren ba ya haɗuwa. Wata likitar yara a Brooklyn, Janet Watson, tun 1948 ta lura jinin jarirai masu sikila ba ya lanƙwasa sosai. Bayan haihuwa jiki da kansa yake kashe ƙwayar gadon gamma ya kunna ta beta, zuwa wata shida aikin ya kusa kammala, a nan ciwo ke fitowa. Ƙwayar gamma ba ɓacewa ta yi ba fa, tana nan a jikin kowa cikinmu har tsufa, kamar fitilar da aka kashe makunninta ne wayar na nan lafiya. Shekaru aka yi ana neman wa ke kashewa, sai 2008 ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston ya nuna wani furotin ne mai suna BCL11A, yana zuwa ya zauna a kan DNA kusa da ƙwayar gamma ya hana a karanta ta. Kuma ba a iya cire BCL11A gaba ɗaya domin ƙwaƙwalwa da wasu fararen ƙwayoyin jini suna buƙatarsa, sai a 2013 aka gano wani ɗan yanki na DNA da ke tayar da shi a layin jajayen ƙwayoyi kaɗai. Wannan yankin Casgevy ke yankewa. BCL11A ya yi ƙasa, gamma ta farka, HbF ya hau har wajen kashi 40 cikin ɗari. Amma S ɗin na nan, kuma ƙwayoyin ɓargo kawai aka taɓa, maniyyi da ƙwan mace ba a taɓa su ba, wanda aka yi wa aikin duk ɗan da zai haifa sai ya ba shi S.

Ɗan Damagaram: Dakta bayani ya yi Allah ya ƙara basira, amma ni ina ganin bai rushe maganar Baban Amira ba. Mara lafiya ina ruwansa da an gyara harafi ko an kewaye shi, tunda ciwo ya tafi? A gwajin da aka yi mutum 29 cikin 31 sun yi shekara cur babu tashin ciwo mai tsanani. Victoria Gray da aka fara yi wa a 2019 tana nan tana yawo tana ba da labari. In kuma kuɗi za ku ce, maganin ƙanjamau a shekarar 2000 sama da dala 10,000 ne a shekara, 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya kawo shi dala 350, yau kyauta ake bayarwa a asibitocinmu. Yaron da za a haifa baɗi kafin ya girma wa ya san inda farashi zai kai?

Anti Nas: Ɗan uwa maganin ƙanjamau ƙwaya ce, a buga miliyoyi a zuba a kwali a loda a mota. Wannan kuwa kowane mara lafiya nasa ake haɗa masa da jininsa. Sai an yi ta ƙara masa jini na makonni, a ba shi allurar da ke fito da uwayen ƙwayoyin jini daga ɓargo a tace su da na'ura wani lokaci ba sau ɗaya ba, a tura su can a gyara a yi watanni ana jira, sannan a ba shi kimo mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, busulfan, a share ɓargonsa tas kafin a mayar masa da gyararrun, ya kwanta makonni a keɓantaccen ɗaki ba shi da garkuwar jiki baki duk ya yi gyambo gashi ya zube. Kimon nan yana iya hana haihuwa har abada, mace ko namiji. Dala miliyan 2.2 kuɗin maganin kaɗai ban da asibiti. Kuma lokacin da aka amince da shi daga shekara 12 zuwa sama ne aka ce. Mu a nan yaƙinmu shi ne yaron ya kai shekara biyar tukuna, ga maleriya ga ciwon huhu ga ƙarancin jinin ƙari, Najeriya kaɗai ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 duk shekara. A ce mutum ya ɗaura aure da fatan farashi zai sauko, ni dai hankalina bai ɗauka ba.

Baban Amira: Amma Anti ai ɗaya cikin huɗu ne, uku lafiya suke, me ya sa kullum ɗayan ake kallo?

Maman Sadiq: Ɗaya cikin huɗun a kowane ciki ne Baban Amira, ba wai in kin haifi huɗu an ware miki ɗaya ba. A kilinik ɗinmu akwai wadda uku a jere duk SS, in ɗaya ya tashi ɗaya ya kwanta, ta sayar da ɗan kunnenta da keken ɗinkinta. Mu lokacin aurenmu ba wanda ya ce mana mu yi gwaji, ƙaninka shi an gaya masa.

Ummi: Ni tun ɗazu ina karantawa raina na sosuwa. Ni SS ce, na gama digiri ina aikina, kuma na gaji da jin ana maganarmu kamar mu kuskure ne da ya kamata a kauce wa. Ku yi muhawararku amma ku tuna muna cikin gurup ɗin nan. Bayan haka Yaya Baban Amira, ni da ke ɗauke da abin ba zan auri AS ba ko nawa nake sonsa, na san me nake ji a ƙashina cikin dare. Abin da ya fi ba ni haushi kuma kowa ya tafi kan maganin dala miliyan biyu alhali ƙwayar maganin nan haidiroksiyuriya na nan, ita ma HbF ɗin take ɗagawa, tunda likitana ya ɗora ni a kai kwanciyata asibiti ta ragu sosai, amma mutane nawa ne suka san da ita, nawa ne ke iya saye duk wata ba fashi?

Dakta: Ƙanwata kin yi gaskiya a duka biyun, Allah ya ƙara lafiya. Hanya ɗaya suke bi, Casgevy yankewa yake yi sau ɗaya, ita kuwa kullum ake sha ta ɗan ɗaga HbF, tun 1998 Amurka ta amince da ita don sikila. A Kano ma an yi bincike da ita, har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kan yaran da hoton jijiyoyin kai ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma ta rage haɗarin. Wannan batun HbF shi ne babban dalilin da ya sa za ka ga SS biyu, harafi ɗaya balin ɗaya, amma ɗaya kullum yana gado ɗaya sai ya daɗe bai kwanta ba. Mutanen gabashin Saudiyya da wasu sassan Indiya nasu yakan zo da sauƙi domin gamma ɗinsu ba ta mutuwa sosai bayan haihuwa, irin da ya fi yawa a Najeriya ba ya ba da wannan rangwamen. Kuma ba a iya duba ango da amarya a ce ɗansu zai dace da mai sauƙin.

Ɗan Damagaram: To na ji, amma tambayata wa ke da hurumin hanawa? Na san Kano ta yi dokar wajabta gwaji kafin aure a 2024, gwaji na yarda da shi ɗari bisa ɗari. In baligai biyu sun ji duk bayanin Dakta sun fahimta suka ce sun ji sun gani fa?

Maman Sadiq: Su suka ji suka gani, yaron da zai sha ciwon an tambaye shi?

Baban Amira: Hajiya wannan tambayar tana da nauyi. Ni har yanzu ina nan kan cewa ilimin nan zai sauko ya iso mu, kuma yadda ake fasa aure ana gobe ɗaurawa zalunci ne ga yaran, sai an gama shaƙuwa an kashe kuɗi gari ya ji sannan a tuna da gwaji. Da tun suna sakandare kowa ya san nasa da ƙanina bai shiga wannan halin ba.

Anti Nas: A nan kam muna tare. Kuma a yi shi a lab mai kyau a maimaita a wani wuri, ana samun sakamakon kuskure, na ga waɗanda takarda ta ce AA aka haifi SS aure ya kusa mutuwa saboda zargi. A tambayi C ma, wani nau'in himogilobin ne daban da A da S, AS da AC suna iya haifar SC, shi ma sikila ne.

Maman Sadiq: Anti wannan haidiroksiyuriyar, Sadiq shekararsa bakwai zai iya sha? Folik asid da maganin maleriya kawai muke ba shi.

Anti Nas: Yara suna sha har waɗanda ba su kai shi ba, amma kar ki saya a kemis da kanki dan Allah, da nauyin yaro ake auna ta kuma ana duba jini lokaci lokaci saboda tana iya rage fararen ƙwayoyi. Ranar kilinik ɗinku ki tambayi likitan jini kai tsaye, ki kuma ce a yi masa hoton jijiyoyin kai in ba a taɓa yi ba, daga shekara 2 zuwa 16 duk shekara ya kamata a riƙa yi.