Neman shawara: F-250 ɗina tana yawo in na hau babbar hanya, pawa sitiyari zan canja?

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masana mota a taimaka min. Ina Houston, na sayi Ford F-250 ta 2014 ta hannu, dizal ce mai injin 6.7, fowil, da ita nake jan tirelar ɗaukar motocin da nake saya a gwanjo zuwa tashar jirgin ruwa. Wanda ya sayar min ya ɗaga gabanta inci biyu da rabi ya sa mata tayoyi masu inci 35. A cikin gari lafiya lau, amma da na hau I-10 na kai mil 65 ko 70 sai sitiyarin ya zama sakwaf, akwai wani ɗan wuri a tsakiya da zan murɗa hagu da dama motar ba ta ma san ina yi ba, sai kuma ta zo ta amsa gaba ɗaya, haka zan yi ta gyara ta har in isa kafaɗuna sun yi tsami. In babbar mota ta wuce ni kuwa sai addu'a. Da F-150 nake ja mai sitiyarin lantarki kuma ban taɓa jin haka ba. To famfon pawa sitiyarin zan canja, ko akwai yadda za a mayar da ita ta lantarki, ko in sa dampa biyun nan masu shanye girgizar sitiyari da nake gani a gaban motocin mutane? Wani kuma ya ce in sa silindar da ke taimaka wa sitiyari. Kuɗin ba kaɗan ba ne shi ya sa nake tambaya.

Bakanike, Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka taɓa famfon nan tukuna. Famfo in ya gaza sitiyari nauyi yake yi, ko ka ji yana kuka in ka murɗa a tsaye, ba ya kawo wasa. Aikinsa ya rage maka ƙarfin da za ka sa ne kawai, ba shi ke riƙe taya a saiti ba. F-250 ba ta cika zuwa garejinmu ba amma ƙirar gabanta ɗaya da Land Cruiser 79 akori-kura da muke kwancewa kullum, aksul guda ne sandararre, akwatin sitiyari ne ba rak irin na ƙananan motoci ba, ga doguwar sandar da ta taso daga akwatin zuwa taya, ga tayarod, ga kuma sandar da ke riƙe aksul da shasi don kada ya goce gefe. Kowace gaɓa a nan in ta ci kaɗan, wannan kaɗan wancan kaɗan, a hannunka suke taruwa. Ka ajiye ta a daidai, taya a ƙasa kada ka sa jak, injin a kunne giya a fakin da birkin hannu, wani ya zauna yana kaɗa sitiyarin hagu dama da sauri kaɗan kaɗan, kai kuma ka leƙa da tocila kana bin gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗora yatsa a kan kowane kai, in wannan ƙarfen ya motsa kafin na kusa da shi ya bi za ka ji wani ɗan ƙas ƙas a yatsanka tun kafin ido ya gani. Ka fara da sandar da ke riƙe aksul, in bodin motar na zamewa gefe a kan aksul kafin taya ta juya to ka kama ɓarawon.

Ɗan Panteka: Oga akwai sukuru da noti a saman akwatin, a ɗan ɗaure shi wasan ya tafi, minti goma an gama.

Bakanike, Ƙofar Ruwa: A'a ƙanena, wannan shi ne na ƙarshe ba na farko ba. Haƙoran akwati a tsakiya suke cinyewa saboda nan ake yawan tafiya, in ka matse sukurun fiye da kima sitiyari ya daina komowa da kansa bayan kwana, yana maƙalewa, mai mota ya koma yana tura shi yana dawo da shi da hannu, yawon ya fi na da, kuma ka ƙarasa kashe akwatin. In ma za a taɓa sai an tabbatar sauran gaɓoɓin lafiya suke, kuma kaɗan kaɗan ake yi ana gwadawa.

Mai Ram 2500, Dallas: Ɗan uwa ni tun da ka ce an ɗaga gaba na daina neman wani abu. Daga 2005 Ford suka bar sifirin mai ganye a gaban F-250 fowil suka koma mai naɗi, da dogayen hannaye biyu da suka riƙe aksul daga baya. In ka ɗaga gaban, hannayen nan sun sunkuya, aksul ya ɗan mirgina gaba, kasta ta ragu. Ita kasta ita ce kwanciyar da ke sa taya son miƙewa da kanta, kamar yadda cokalin gaban keke ya kwanta baya shi ya sa yaro ke sakin hannu yana tafiya, in ka miƙar da shi tsaye ba mai iya saki. Yawancin masu ɗaga gaba zoben ƙarfe kawai suke cusawa a kan sifirin su tafi, ba su mayar da kasta ba, ga shi ɗagawar tana jan aksul gefe ɗaya tun da sandar da ke riƙe shi ba ta ƙara tsawo ba. Ka je alaimen wurin masu manyan motoci, ka ce su buga maka takardar lambobin, kada ka yarda da "komai ya yi kore" don kore ɗin da na'urarsu ke nunawa faɗi gare shi kana iya zama a can ƙasansa. Ni a ra'ayina wajen digiri 4 nake so a irin motar nan. Ana gyarawa da bushin ɗin kasta da ake sawa a boljoyin na sama, ko bireket da ke sauko da hannayen. Sannan a sa gaban tayoyin ya ɗan kalli ciki kaɗan, in suna kallon waje kowane layin kwalta sai motar ta bi shi. Ni da ni ne ma wallahi cire zoben zan yi, motar aiki ce ba ta yawon sallah ba.

Direban tirela: Nawa ka sa iska? Da yawa daga tayoyin da aka rubuta E suna ɗaukar har PSI 80, masu gyaran taya kuma sai su dura 80 ko'ina, mota ba kaya tana tafiya a kan tsakiyar taya kawai. Lambar da ke jikin ƙofar direba ta tayar asali ce, tunda an canja girma ka nemi jadawalin kamfanin tayar. Na biyu yadda kake ɗora mota a tirela, nauyin da ke sauka a kan ƙugiya ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na duka nauyin tirelar, in ya yi yawa baya ya zauna gaba ya ɗaga sitiyari ya yi fayau, in ya yi kaɗan tirelar ce ke kaɗa ka. Kuma layin dama na hanyoyin nan mu muka kwarzabe shi, faffaɗar taya tana son bin kwarin.

Wani memba: Alhaji sayar ka sayi Hilux ka huta 😂

Mai tambaya: Hilux ai ba a sayar da ita a nan malam, kuma ba za ta ja abin da nake ja ba. Iska 80 ce gaba da baya. To batun lantarkin fa, ba wanda ya taɓo shi.

Injiniya: Bari in taɓo. F-150 ta koma rak mai lantarki ne daga 2011, kuma ƙafafunta na gaba kowace da kanta take aiki, gaɓoɓi kaɗan ne tsakanin hannunka da taya, shi ya sa take jin kamar ƙaramar mota. F-250 ko sabuwa ce dal ba za ta ba ka wannan jin ba, ka sa wannan a ranka don kada ka yi ta zuba kuɗi kana neman abin da babu. Mayar da taka ta lantarki ba hanya ba ce, babu inda rak zai zauna yadda ya kamata a kan wannan aksul, ga nauyin injin dizal a kai. Abin da kamfanonin suka yi ma ba cire famfo ba ne. Ford a 2017 sun kawo zaɓi na ƙaramin injin lantarki a cikin kan sitiyarin da ke canja yawan juyin da taya ke yi gwargwadon gudu, Chevrolet da GMC kuma daga 2016 suka sa kwamfuta tana daidaita matsin man, amma duk akwatin da famfon suna nan. Silindar da aka ce ka sa ta masu hawa duwatsu da ƙattin tayoyi ce, ƙarfi take ƙarawa, kai kuma ba ƙarfi ka rasa ba, a kan kwalta ma sai ta ƙara ɗauke maka jin hanya. Dampa biyu kuwa girgiza take shanyewa, ba ta cike gurbin da ƙarfe ya ci, in taka tana yoyo canja guda ɗaya mai kyau ya isa. Inda kuɗi ke da amfani shi ne in gwajin Oga bakanike ya nuna sandar da ke shiga akwati tana juyawa amma hannun da ke fita ƙasa bai motsa ba, nan sai ka nemi akwatin da aka sake ginawa da kyau irin na kamfanin RedHead ko Blue-Top, ba mafi arha a shago ba. Man kuma na giya ne ATF, ka duba littafin motar ka ga wane iri.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Mun yi gwajin da yamman nan ni da yarona. Sandar da ke riƙe aksul ce, robar da ke wajen shasi ta tsage, ina kallo bodin na zamewa kafin taya ta motsa, sai kuma kan doguwar sandar wajen akwati yana ɗan ƙas ƙas ɗin da Oga ya faɗa. Akwatin kansa ban ga wasa sosai ba. Na rage iskar gaba zuwa 65.

Mai Ram 2500, Dallas: To ka yanke shawarar zoben kafin ka sayi komai. In za ka bar ta a ɗage ka sayi sandar da ake iya ƙara wa tsawo, in za ka sauke ta ta asali ta isa, kuma alaimen a ƙarshe bayan an gama canje-canjen ba kafin ba. Notin sandar nan na wajen shasi ɗaurinsa ya kai wajen Nm 550, ƙaramar sifana ba za ta kai ba, a ɗaure shi mota na tsaye a kan tayoyinta. Kafin nan dai ka ajiye tirelar.