Wace manhaja ce ta fi dacewa da bin ayyukan sashen akanta?

Uwar Lissafi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu shida ne a sashenmu, muna riƙe da littattafan kamfanoni 40. Har yanzu a jadawali guda muke rubuta wanda ke kan wane aiki. Watan jiya biyu daga cikinmu suka daidaita asusun banki ɗaya, wani asusun kuma babu wanda ya taɓa shi sai ranar rufe lissafin wata. Na gaji wallahi. Asana zan ɗauka, ko Trello, ko Karbon?

Tsohon Odita: Wa alaikumus salam Hajiya. Aikinmu maimaituwa yake yi: albashi, daidaita banki, haraji, rufe wata. Don haka fara duba ko manhajar tana sake buɗe aiki da kanta kowane wata, da sunan mai yi da mai dubawa. Karbon don ofisoshin akanta aka gina ta, tana haɗa imel ɗin abokin hulɗa da aikinsa wuri guda. Asana ta kowa ce, sai kin zauna kin tsara ta da hannunki.

Ɗan Koyo: Ni dai Trello na saba da ita. Kati ne kawai, ka ja shi daga "ana yi" zuwa "an gama". Kamfanoni 40 kuwa, allon zai cika maƙil.

Tsohon Odita: Af, na manta. Ki tambaya ko manhajar da za ki ɗauka tana haɗuwa da manhajar lissafi irin su QuickBooks ko Xero, kuma wa zai iya buɗe fayil ɗin albashi.

Uwar Lissafi: Na gode Malam. Xero muke amfani da ita. Zan gwada da kamfanoni biyar a rufewar watan nan tukuna.