Maganin ƙanina ya yanke tun da ƙungiya ta tafi: meri za mu tambaya ko asibiti?

Telan Garwa:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a nan Garwa, arewacin Kamaru, ban saba rubutu mai tsawo ba, amma tura ta kai bango.

Ƙanina da muke ciki ɗaya yana da taɓin hankali, shekara shida ke nan. Da can klando yake yi, wato acaɓa, ya kwana ya yini a kan babur. Wasu sun ce Tramol ne ya taɓa shi, wasu sun ce sammu ne, Inna kuwa har gobe iska take cewa. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, mun kai shi wajen wani malami a ƙauye, ya yi wata huɗu da mari a ƙafa. Ranar da na je na ga yadda ƙarfen ya ci masa idon sawu, a ranar na ɗauko shi. Tabon yana nan har yau.

Sauƙi ya zo ne da wata ƙungiya ta kawo shiri a ƙaramin asibitin unguwarmu. Duk Larabar farkon wata wani infirmiye, wato ma'aikacin jinya, da ya karanci ciwon ƙwaƙwalwa yana zuwa, ya zauna da mu, ya yi masa allura guda, ya ba mu ƙwayoyin wata, ko dala ba mu biya. Akwai kuma wata baiwar Allah da take zagayawa gida-gida ta ga ko ana shan maganin. Kafin wata uku yaron nan ya fara barci, ya koma jam'i, har yana zama a shago yana yi mini guga da ɗinkin maɓalli. Inna ta fara zancen aure ma.

Sai shirin ya ƙare. Ba wanda ya tara mu ya faɗa, mun je wata Laraba ne muka tarar ɗakin a kulle. Allon ƙungiyar dai yana nan a bakin ƙofa, rana tana cin fentinsa. Kantin maganin asibitin ba su da allurar, ba su da ƙwayar. A farmasin gari wani lokaci a samu, wani lokaci a ce sai an aiko daga kudu. Yanzu wata biyar ke nan muna shan rabi muna tsallake rabi, ya dawo da yawon dare da magana shi kaɗai.

Na je wajen shugaban asibitin, ya ce in je ofishin lafiya na gunduma. A can aka ce ai ƙananan asibitoci yanzu suna hannun meri, wato ofishin magajin gari. A meri wani sakatare ya ce su gini da benci suka sani, ba magani ba. Wani kuma ya ce in kai shi asibitin Jamot a Yawunde, inda ake duba masu taɓin hankali. Kusan kilomita dubu fa, mota zuwa Ngawundere, sannan a kwana a jirgin ƙasa da mutumin da ba ya zama wuri ɗaya. In an sallamo mu kuma, wata mai zuwa fa?

Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini: nauyin wa ne wannan? Wa ke riƙe da kuɗin, wa ke bin sawu? Ba mu kaɗai ba ne, gida tara na sani da muke haɗuwa a bencin nan ranar Laraba.

Tsohon Infirmiye, Marwa:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ka ladan zumunci. Kafin komai: wannan sha da tsallake da kuke yi ku bari, yana dawo da ciwo. Ka kai shi babban asibitin jiha da tsohuwar takardarsa, a duba shi a rubuta abin da ake samu a gari. Kada ka sayi ko ƙwaya ɗaya a teburin bakin kasuwa.

To, batun kuɗi. Ba wanda ya yi maka ƙarya a cikin mutanen nan, kowa gefen da yake riƙe da shi ya faɗa maka. Albashin ma'aikacin gwamnati daga Yawunde yake fitowa. Magani kuwa tun tsarin Bamako na 1987 kansa yake ciyarwa: CENAME, hukumar sayo magani ta ƙasa, ta sayo, asusun lafiya na jiha ya rarraba, kantin asibiti ya sayar, da kuɗin ya sake saro wani. Ka ga ke nan mai kantin abin da ke tafiya yake sarowa, maganin zazzaɓi, ruwan ƙari, maganin tari. Haloperidol da chlorpromazine na masu taɓin hankali, da Gardenal na masu farfaɗiya, tsofaffin magunguna ne, ba su da tsada, suna cikin jerin magungunan dole. Amma tun da ƙungiya ce take zuwa da nata a kwali, kantin bai taɓa sarowa ba, bai ma san yana da masu saye ba.

Nan ne ciwon yake. Duk wata shugaban asibiti yana aika rahoto gunduma: haihuwa nawa, rigakafi nawa, zazzaɓi nawa. Sau da yawa masu irin lalurar ƙaninka a littafin ƙungiya aka rubuta su, ba a babban littafin asibiti ba. Ƙungiya ta naɗe littafinta ta tafi, a takarda unguwarku ba ta da mai taɓin hankali ko ɗaya. Wa zai ware kuɗi don mutanen da ba a ƙirga ba?

Mu a nan Arewa Mai Nisa mun ga wannan da idonmu. Daga 2014 da Boko Haram ta fara shigowa Kolofata da Mora da Fotokol, ga sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo kusa da Mokolo ya cika, ƙungiyoyi suka zo da masu ba da shawara da magani. Sun yi aiki, ba zan ci haƙƙinsu ba. Amma kuɗinsu wa'adi gare shi, kuma inda wuta ta fi ci can yake bi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da zan ce ka yi: kowane yankin lafiya yana da kwamitin jama'a, wanda muke kira Kosa, akwai kuma ƙaramin kwamitin da ke duba kuɗin asibiti da na kantin magani. 'Yan unguwa ne a ciki, ba likitoci ba. Ka tambayi jauronku, wato mai unguwa, wa ke wakiltar ku. Ku je ku gida tara ɗin nan, ku nemi abu biyu kawai: a rubuta marasa lafiyarku a littafin asibiti, kuma a sa magungunansu cikin sarin wata. Sannan ku roƙi gunduma ta tura ma'aikaci ɗaya horo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsari tun 2008, mhGAP, don infirmiye na gama-gari ya iya kula da irin wannan ba sai likitan ƙwaƙwalwa ba.

Abu Huzaifa:

Ɗan'uwa ku dage da ruƙiyya da azkar. Wani abin ba na asibiti ba ne.

Tsohon Infirmiye, Marwa:

Malam, ba wanda ya hana addu'a, ni ma ina tofa wa jikokina. A yi ruƙiyya, a sha magani, ba sa faɗa da juna. Mari ne kawai ban yarda da shi ba, na wanke gyambon da ya bari ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Konseye Mai Ritaya, Ngawundere:

Baba Infirmiye ya yi bayani, amma zan ɗan saɓa masa. Kosa baki gare ta, ba ta da aljihu. Wasu ma tun da aka zaɓe su ba su sake zama ba.

Sakataren da ya ce gini da benci kawai suka sani, ko dai bai karanta doka ba, ko ya so ka tafi ne. Dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamba 2019 ta ba meri gina ƙananan asibitoci da kayan aikinsu da kula da su, har da ɗaukar ma'aikatan jinya. Taimakon marasa galihu ma yana hannun meri. Manyan asibitoci su ne rabon majalisar jiha, wadda aka fara zaɓa a Disamba 2020. Dokar ta ce kason da gwamnati za ta sakar wa ƙananan hukumomi da jihohi kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigarta. Wannan a takarda ne. Abin da ke isowa ba ya kai haka, kuma yakan zo a makare, shi ya sa magajin gari ya fi son rijiyar burtsatse da aji biyu, abin da za a yanka ƙyalle a ɗauki hoto. Allurar wata-wata ba ta da hoto.

Na yi wa'adi biyu ina konseye, wato kansila, a majalisar meri, wallahi ko sau ɗaya ba a kawo maganar masu taɓin hankali ba, sai in baƙo zai zo a ce a kwashe su daga bakin titi. Ni ma ban kawo ba, ba zan wanke kaina ba. Ba wanda ya zo ya tsaya mana a kai.

Ga abin da mutane ba su sani ba. Duk mazaunin gari yana da ikon neman kwafin kasafin kuɗin meri da bayanan zaman majalisa, kuɗin kwafi kawai zai biya. Zaman kasafi kuma a ƙarshen shekara ake yi, kuma a buɗe yake ga jama'a. Kada ku jira ranar. Ku rubuta takarda da Faransanci tun yanzu, gajeriya, ku faɗi gida nawa ne, ku nemi kuɗin man babur da alawus na infirmiye sau ɗaya a wata. Ku kai ofishin karɓar wasiƙu a buga muku hatimi a kwafinku, in ba hatimi an ce ba a gani ba. Ku ba konseyen unguwarku ɗaya, lawan ɗaya. Ka kuma leƙa ofishin jin daɗin jama'a ka tambayi katin naƙasa, dokar naƙasassu ta 2010 ta haɗa da lalurar ƙwaƙwalwa.

Maman Biyu, Kuseri:

Yaya Tela, Allah ya dafa maka. Tawa 'yar farfaɗiya ce. Mu mata shida muka kafa adashin magani, duk wata ɗaya ta je ta saro na kowa, in babu a nan ta haye gada zuwa Njamaina. Bai hana mu bin ofisoshi ba, amma yaran ba sa kwana ba magani. Abu ɗaya zan ja kunnenka: kada ku rubuta sunayen marasa lafiyar a takardar meri, ku sa na iyaye ko yayye. Akwai 'yan mata a ciki, gobe mai neman aure zai ji.

Telan Garwa:

Na gode ƙwarai, Baba Infirmiye, Alhaji Konseye, Hajiya. Jiya na kai shi babban asibiti, an canza masa ƙwaya zuwa wadda ake samu, daren jiya ya yi barci har asuba. Na tambayi jauro batun Kosa, ashe wakilinmu mai shagon hatsi ne da nake ɗinka wa kayan sallah duk shekara, ban taɓa sani ba, shi ma ya ce rabonsu da zama tun bara. Ya yarda mu je tare ranar Asabar.

Gida tara ɗin nan, shida sun amince su sa hannu. Biyu sun ce ba sa son tonon asiri, ɗaya kuma sun riga sun mayar da nasu ƙauye wajen malam, shi ne ya fi tsaya mini a rai. Alhaji, Faransancina na kasuwa ne. In na sa ɗan maƙwabcinmu ɗan sakandare ya rubuta takardar, zan iya turo maka ka duba kafin mu kai?